Sabit bin Ƙurra: ɗan canjin da ya gano hanyar lambobi masoya juna

Ranar Litinin ɗin makon jiya na shiga aji na rubuta 9,363,584 a kan allo, na ce yara su karanta mini. Aka yi tsit. Can daga baya wani yaro ya ɗaga hannu ya karanta ta tsaf: miliyan tara da dubu ɗari uku da sittin da uku da ɗari biyar da tamanin da huɗu. Ban yi mamaki ba, don na san shi. Kullum aka tashi daga makaranta Alabar yake wucewa wajen kawunsa ɗan canji, kuma kafin babba ya gama danna kalkuleta ya riga ya faɗa masa sidi nawa sefa dubu hamsin za ta ba shi. Amma a jarrabawar zangon da ya wuce lissafi ne ya kayar da shi, har mahaifinsa ya aiko mini cewa yana tunanin cire shi daga makaranta, tunda dai kan yaron na kasuwa ne.

Wannan saƙon ne ya tuna mini da Sabit bin Ƙurra, ko Sabitu kamar yadda bakinmu ya saba. Lambar da na rubuta a allo daga ƙa'idarsa ta fito, shi kuma da teburin canji ya fara. A kwalejin horar da malamai na fara jin sunansa, a layi ɗaya tak cikin darasin tarihin lissafi. Daga baya ne na bi tarihinsa, na ga ya cancanci mutanenmu na Zango su san shi.

Asalinsa

An haifi Abul Hasan Sabit bin Ƙurra a garin Harran, wanda yau yake kudu maso gabashin Turkiyya, daf da iyakar Siriya. Masu tarihi sun kasu biyu kan shekarar haihuwarsa: wasu sun ce 826, wasu kuma 836 Miladiyya. Ba Musulmi ba ne. Mutanensa su ake kira Sabi'awan Harran, wasu 'yan tsiraru masu girmama taurari, da ɗakin ibadarsu da shugabannin addininsu, suna zaune a ƙarƙashin daular Abbasiyawa. Harshen gidansu Suryaniyanci ne, ɗan'uwan Larabci. Ya ƙware a Larabcin, ya kuma iya Girkanci. Mu da muka tashi da Hausa a gida, harshen Asante a kasuwa, Turanci a aji, Larabci a makarantar allo, mun san yadda yaron da ya fito cikin tsiraru yake tashi da harsuna a baki.

Ibn Hallikan, mai littafin Wafayatul A'ayan, ya kawo cewa Sabitu ɗan canji ne a kasuwar Harran. Canji a lokacin ba ƙaramin aiki ba ne. Dinari na zinariya ne, dirhami na azurfa, ana auna su a ma'auni, wani ya fi wani nauyi, wani an cakuɗa shi. Wanda bai iya rabo da ninki a ka ba, kwana kaɗan zai yi jarinsa ya narke. Ibn Hallikan ya ƙara da cewa saɓani ya shiga tsakanin Sabitu da mutanensa kan wasu maganganu na aƙida, suka kai shi gaban shugabansu, aka hana shi shiga ɗakin ibada. Ya janye aka bar shi, daga baya ya koma kan ra'ayinsa aka sake hana shi. Sai ya tattara ya koma wani ƙaramin gari mai suna Kafartusa.

Zuwansa Bagadaza

A wannan hali ne Muhammad bin Musa bin Shakir ya gamu da shi, yana kan hanyar dawowa daga ƙasar Rumawa. Kada a rikita shi da Muhammad bin Musa Alhawarizmi mai aljabra. Sunan ne ɗaya, mutanen daban. Wannan shi ne babba cikin 'yan'uwa uku, Muhammad da Ahmad da Hasan, waɗanda aka sani da Banu Musa. Malamai ne masu dukiya, kuma dukiyar a littattafai suke zuba ta. An rawaito cewa kusan dinari 500 suke kashewa duk wata wajen biyan masu fassara. Muhammad ya ji fasahar ɗan canjin nan da yadda yake juya harsuna, ya ɗauke shi zuwa Bagadaza, ya saukar da shi a gidansa. A gidan ne Sabitu ya yi karatun lissafi da ilimin taurari da falsafa, har ya shiga sahun manyan malaman birnin.

Aikin farko da ya fito da shi fassara ce. Ya gyara fassarar da Ishaƙ bin Hunain ya yi wa littafin Yuklid, wanda shi ne tushen joometirin da muke koyarwa har gobe, ya kuma gyara ta littafin Batlaimus kan taurari, Almajisti. Ya fassara wasu ayyukan Arkimidis. Ya fassara kashi na biyar da na shida da na bakwai na littafin Apoloniyus kan lanƙwasassun layuka, kuma waɗannan kashi uku asalinsu na Girkanci ya ɓace. Duk wanda ya karanta su yau, ta hanyar Larabcin Sabitu ya same su.

Ya rubuta nasa na kansa da yawa: kan agogon rana, kan tafiyar rana da wata, kan faɗaɗa ƙa'idar Fitagoras ta yi aiki a kowane irin alwatika. Akwai littafinsa kan ƙarastun, wato ma'aunin nan mai doguwar sanda da dutse guda da ake matsarwa, inda ya kawo hujjar dalilin da ya sa ƙaramin dutse yake iya daidaita kaya mai nauyi. An fassara shi zuwa Latin, Turawa suka daɗe suna karantawa. Ni dai duk sanda na tuna littafin nan sai in ga kamar tsohon ɗan canji ne ya koma kan kayan aikinsa yana tambayar me ya sa suke aiki.

Yadda ake rarraba lambobi

Cikin abin da ya fassara akwai littafin wani Bagirke, Nikomakus, kan gabatarwar ilimin lamba. A nan ne maganar lambarmu ta allo ta samo asali, don haka bari in bi ta a hankali kamar yadda na yi wa yara.

Kowace lamba tana da sassa, wato ƙananan lambobin da suke raba ta ba tare da saura ba. Sassan 10 su ne 1 da 2 da 5. Wata lambar kuma, ban da 1 da ita kanta, babu abin da ke raba ta, kamar 5, 11, 23. Irin wannan a ajinmu gagara-rabo muke ce mata. To, idan ka tara sassan lamba, ɗayan uku ne zai faru. Ko jimlar ta gaza lambar, kamar 10 da sassanta suka ba da 8. Wannan tauyayya ce, Larabawa suna ce mata naƙis. Ko jimlar ta zarce, kamar 12 da sassanta 1, 2, 3, 4, 6 suka ba da 16. Wannan mai rara ce, za'id. Ko kuma jimlar ta zo daidai cif, kamar 6 da take 1 da 2 da 3, ko 28 da take 1, 2, 4, 7, 14. Wannan kammalalliya ce. Kammalallu ba su da yawa. Bayan 6 da 28 sai 496, sai 8,128.

Sannan akwai wani abu da ya fi wannan ban sha'awa. Tara sassan 220: 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55, 110. Za ka samu 284. Yanzu tara sassan 284: 1, 2, 4, 71, 142. Za ka samu 220. Kowacce cikinsu ɗaya ce take fitowa daga cikin ɗaya. Larabawa suka kira su al'a'adadul mutahabba, lambobi masoya juna. Girkawa sun san wannan ma'aurata tun da daɗewa, har suna jingina gano su ga Fitagoras. Amma su kaɗai suka sani, kuma ba wanda ya bar hanyar neman wasu.

Ƙa'idar Sabitu

Sabitu ya lura cewa Yuklid ya ba da hanyar fitar da kammalallu, Nikomakus ma ya yi magana a kansu, amma masoya juna duk sun bar su. Sai ya rubuta ƙaramar maƙala a kai. Ya jera matakai tara, kowanne da hujjarsa, sannan ya ɗora ƙa'idar a na goma. Ga yadda take a sauƙaƙe.

Fara da 3 ka yi ta ninkawa: 3, 6, 12, 24, 48, 96, 192, 384. Ɗauki biyu da ke maƙwabtaka, misali 6 da 12. Ɗebe 1 daga kowacce, ka samu 5 da 11. Sannan ka buga 6 sau 12, ka ɗebe 1, ka samu 71. Yanzu duba ukun nan, 5 da 11 da 71. Idan dukkansu gagara-rabo ne kuma dukkansu wuturi, to ka dace. Raba babbar maƙwabciyar da 3, wato 12 raba uku, 4 ke nan. Sai ka buga 4 sau 5 sau 11, ya ba ka 220. Ka buga 4 sau 71, ya ba ka 284.

Gwada 12 da 24. Za ka samu 11 da 23, duk lafiya, amma ta ukun 287 ce, ita kuwa 7 sau 41 ce. Ƙofa ta rufe. Matsa zuwa 24 da 48: 23, 47 da 1,151, duk gagara-rabo. 48 raba uku 16. Sai 16 sau 23 sau 47 ya ba da 17,296, 16 sau 1,151 kuma ya ba da 18,416. Ga sabbin masoya. Duk inda 96 ta shiga ba a dacewa, domin 95 ai 5 sau 19 ce. Sai a 192 da 384 ƙofa ta sake buɗewa: 191, 383 da 73,727. 384 raba uku 128. To 128 sau 191 sau 383 shi ne 9,363,584, lambarmu ta allo. Abokiyarta kuma 128 sau 73,727, wato 9,437,056.

Yanzu muna iya faɗin halin lambar nan kamar yadda ake faɗin halin mutum. Shafa'i ce, ana raba ta biyu har sau bakwai kafin a tsaya a kan wuturi. Gagara-rabo uku ne suka gina ta: 2 da 191 da 383. Tana da sassa 31. Mai rara ce, kuma rararta 73,472. Abokiyarta tana da sassa 15 kacal, tauyayya ce, giɓinta ma 73,472. Abin da ya yi wa wannan yawa shi ne daidai abin da waccan ta rasa. Haka kowane ma'aurata suke: ƙaramar mai rara, babbar tauyayya.

Ba sai ka zauna tara sassa 31 ɗaya bayan ɗaya ba kafin ka gaskata. Akwai gajeriyar hanya. A 220, haɗa 1 da 2 da 4 ka samu 7, ka buga sau 6, ka buga sau 12: 504. Wannan ita ce jimlar sassan 220 haɗe da ita kanta. A 284 kuma 7 sau 72 ne, shi ma 504. Kuma 220 da 284 in ka haɗa su 504 ne. Ka ga dalilin da ya sa aka ce a buga maƙwabtan biyu a ɗebe 1, don jimlolin biyu su zo ɗaya. A babbar lambar ma haka: 255 sau 192 sau 384 ya ba da 18,800,640, kuma in ka haɗa 9,363,584 da 9,437,056 abin da za ka samu ke nan.

Na san wani zai ce ai wannan hisabi ne irin na masu duba. Gaskiya ne an yi amfani da lambobin nan ta wannan hanyar. Ibn Haldun ya ambata a Muƙaddima cewa masu ɗalasimai suna amfani da 220 da 284 wai don haɗa soyayya tsakanin mutum biyu. Shi kansa Sabitu addinin gidansu na taurari ne, har ana jingina masa littafi kan ɗalasimai. Wannan ɓangaren mun bar masa kayansa. Maƙalar da nake magana a kai babu komai cikinta sai hujja a kan hujja, irin wadda Musulmi da Kirista da Basabi'e za su zauna su bi da alƙalami su tashi da amsa ɗaya.

A fadar Mu'utadid

Masu tarihi sun kawo cewa lokacin da Muwaffaƙ ya tsare ɗansa Abul Abbas, Sabitu aka sa ya riƙa shiga wajensa yana ɗebe masa kewa. Sau uku yake zuwa a rana, yana ba shi labarin masana falsafa da joometiri da taurari. Yarima ya shaƙu da shi. Da ya hau gadon halifanci a 892 da laƙabin Mu'utadid, bai manta ba. Ya jawo shi jiki, ya ba shi gonaki, ya sa shi cikin masana taurarin fada, har yakan zauna a gaban Halifa alhali waziri yana tsaye.

Akwai labarin da aka fi yawan kawowa. Wata rana suna zagaya lambun fada, Halifa ya ɗora hannunsa a kan na Sabitu suna tafiya. Can sai ya fizge hannun da sauri, har Sabitu ya tsorata, don Mu'utadid mutum ne mai kwarjini da zafi. Sai Halifa ya bayyana masa cewa mantuwa ya yi, bai kamata hannunsa ya hau kan hannun malami ba, domin malamai su ne a sama. Mai mulkin Musulmi ke nan, da wanda ba addininsu ɗaya ba, wanda kuma ya fito daga jama'ar da ba ta da yawa. Mu da muke zaune a matsayin tsiraru a ƙasar nan, ya kamata mu ɗan tsaya a kan labarin. Abin da ya zaunar da Sabitu a wannan wuri shi ne ya iya abin da fada take bukata, ya kuma iya shi fiye da kowa. Albarkacinsa mutanensa ma suka samu daraja a Bagadaza.

Mutuwarsa da zuriyarsa

Ya mutu a Bagadaza a watan Safar na shekara ta 288 Hijiriyya, daidai da Fabrairun 901, yana kan addinin iyayensa. Ɗansa Sinan ya zama babban likitan halifofi, shi ke kula da asibitocin Bagadaza, yana tura likitoci gidajen yari da ƙauyuka. A 931, bayan wani majinyaci ya mutu ta kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin likitanci sai Sinan ya jarraba shi, aka jarraba mutum sama da 800. Sinan ya musulunta a zamanin Halifa Ƙahir, wanda ya matsa masa a kan hakan, ya rasu a 943. Jikansa Ibrahim bin Sinan ya gaji kakan a lissafi, wani jikan kuma, Sabit bin Sinan, ya zama likita kuma marubucin tarihi.

Ƙa'idar kuwa ta ci gaba da haihuwa bayan mai ita ya daɗe a ƙasa. Kamaluddin Alfarisi, wanda ya rasu wajen 1319, ya kawo 17,296 da 18,416, ana kuma jingina su ga Ibnul Banna na Marrakesh, wanda suka yi zamani ɗaya. Lambarmu ta allo da abokiyarta sai da aka yi kimanin shekara 700 kafin su bayyana, a littafin Uyunul Hisab na Muhammad Baƙir Yazdi, malamin Iran. Jinkirin yana da dalili. Kafin ka tabbatar 73,727 gagara-rabo ce sai ka gwada ta da kowace gagara-rabo daga 2 har 271, rabo 58 ke nan, da hannu, ba kuskure ko ɗaya. A Faransa, Ferma ya sake gano ma'aurata na biyu a 1636, Dekart ya gano na uku a 1638. Sai Oila ya zo a ƙarni na 18 ya faɗaɗa ƙa'idar, ya fitar da wasu kusan sittin.

Duk da haka manyan nan sun tsallake wasu ƙanana a gabansu. A shekarun 1860 wani yaro ɗan Italiya mai shekara 16, Nikolo Paganini, ya nuna cewa 1,184 da 1,210 masoya juna ne. Su ne na biyu a ƙanƙanta bayan 220 da 284, kuma ƙa'idar Sabitu ba ta kamo su, don ba kowane ma'aurata ne ke bin hanyarta ba. Yau da kwamfuta an san ma'aurata sama da biliyan ɗaya. Har yanzu masana ba su warware ko suna da iyaka ko ba su da ita ba, kuma ba a taɓa samun ma'auratan da ɗaya shafa'i ɗaya wuturi ba.

Yaron nan

Ranar Litinin ɗin ban gaya wa yara amsa ba. Na ba su 220 su tara sassanta, sannan na ba su 1,184 aikin gida. Washegari mutum huɗu ne suka kawo 1,210, shi yana ciki. Shi kaɗai ne kuma ya ci gaba ya tara sassan 1,210 ba tare da an sa shi ba, ya zo yana tambayata ko kuskure ya yi, don lambar farko ce ta dawo masa. Da na duba littafinsa sai na gane inda matsalarsa take. Amsa yake rubutawa kawai, hanyar tana kansa, mai maki kuwa hanya yake bi. A teburin canji amsa ake so da sauri, a aji kuma sai ka nuna yadda aka yi ka zo. Sabitu ma ai da lissafin ka ya iso Bagadaza, a gidan Banu Musa ya koyi rubuta hujja.

Bayan sallar Juma'a na je na sami Alhaji, mahaifin yaron, na kai masa littafin. Na ba shi labarin ɗan canjin Harran a taƙaice, na roƙe shi ya bar mini yaron ya gama ƙaramar sakandare, ni kuma zan riƙa zama da shi rabin awa bayan an tashi, kafin ya wuce wajen kawunsa. Alhaji ya juya littafin, ya daɗe yana kallon lambobin. Ya ce shekara biyu da yawa, amma ya ba ni zango ɗaya, in sakamako ya canza sai mu sake zama. Na karɓa da godiya. Jiya na ba yaron 73,727 da jerin gagara-rabo har 271, na ce ya rubuta kowane rabo a layinsa. Da aka tashi yau ya kai 103.